Baƙuwar Malam

Shekara tara ina jinyar mijina Malam, ni ke wanke shi, ni ke ba shi fura a baki. Ranar da aka kwantar da shi gidan likita, wata madam ta zo da takarda: wanda aka rubuta mai jinya kaɗai zai zauna ciki.

Ɗiyata ta buɗe baki, na ce, "Yi shiru, na san maganar manya."

Madam ta tambaye ni, "Inna, wa ke kula da shi?"

Matar kirki tana yabon kanta? Na ce, "Ɗanmu da ke can garin Cirozerin."

Ta rubuta. Mai tsaron ƙofa ya fitar da ni tare da masu gaisuwa. Innalillahi! Ni!

Har yau in na kawo fura, sai Malam ya tsokane ni ya ce, "Maraba da baƙuwa. Yaushe a gari?"