Ranar da Giwan Ruwa Ya Shiga Teku

Duk wanda ya zauna a unguwar Al Nahda ta Dubai bai san Muhsin Badaru ba, laifinsa ne, domin Muhsin ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ko a lifta kuka haɗu, kafin ku sauka ƙasa ka ji tarihinsa tun daga kududdufin unguwarsu a Kano har zuwa zinaren da ya ciyo a gasar ninƙaya. Giwan Ruwa ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya rage wa jama'a wahalar tunani. Lambobin yabonsa suna rataye a falo daidai inda baƙo zai buga goshi da su. Masallacin Juma'a ma da tabaron ruwa a wuya yake zuwa, wai mantuwa.

A yi masa adalci, ya iya ninƙaya. Sai dai shekaru sun fara yi masa rashin kunya, yara sababbin tashi suka riƙa taɓa bango su juyo suna jiran isowarsa. Kulob ɗin da ya kawo shi Dubai, wanda bizarsa da ta iyalinsa take hannunsa, ya ce kwantiragi ya ƙare, sai fa in ya ciyo musu gasar teku ta ƙarshen wata. In ba haka ba, sai Kano. Gabansa ya faɗi ƙwarai, amma bai bari ko madubi ya gani ba.

Shi kuwa duk rayuwarsa a kwamin ninƙaya ya yi ta, inda akwai baƙin layi shimfiɗe a ƙasa, mutum ya kafa masa ido ya bi shi har bango. Kociyansa, wani Bamisire mai haƙuri, ya ce, "Habibi, teku ba ta da layi. Ka riƙa ɗago kai shwaiya, kaɗan-kaɗan, kana duba jan balan-balan da aka kafa."

Muhsin ya kai ƙarar wannan raini gaban 'yan kargo, masu aika wa mutane kaya gida, a kasuwar Al Sabkha. "Ni zan ɗago kai? Matsoraci ne yake leƙe-leƙe a ruwa. Jikin nan da kuke gani ya haddace miƙaƙƙen layi. Ku dai ku zo da kyamarori, khalas, shi ke nan!"

Matarsa Halimatus Sa'adiya ta roƙe shi ya gwada tekun ko sau ɗaya, ko don 'yarsu Fiddausi da ta saba da makarantarta. Ya ce ruwa duk ruwa ne. Sai ta shiga tara kwalayen haɗa kaya.

Ranar gasa ya faɗa ruwa kamar an harbo shi. Nan da nan ya daina jin fantsamar kowa a gefensa, daɗi ya kama shi. Igiyar ruwa tana ta karkata shi hagu a hankali, cikin ladabi. Kwalekwalen alƙalai ya biyo shi ana busa usur ana ihu, ya ɗauka kirari ne, ya ƙara wuta. Bai taɓa ninƙaya mai kyan ta ranar ba.

Da hannunsa ya taɓa yashi sai ya miƙe, ya ɗaga hannuwa sama, ya jira tafi. Wata tsohuwar Baturiya da take kwance a inuwar lema ta janye takalmanta. Ma'aikacin wani otal da ke bakin tekun ya miƙo masa tawul, ya tambaye shi lambar ɗakinsa.

A jirgin Kano, lambobin yabo suna cikin kwali, Fiddausi ta yi kuka har ta gaji ta yi barci. Muhsin ya gyara zama ya dubi matarsa.

"Ke dai shaida ce. Babu wanda ya riga ni isa wurin nan."

"Haka ne, Abban Fiddausi," in ji ta. "Har muka taho ma babu wanda ya iso."