Ranar da Aka Taka wa Iska Birki

Duk wanda ya gan ni ranar Larabar makon jiya da tsakar rana, rungume da kwano lulluɓe da bargo, ina tafiya a hankali kamar mai tsoron ƙasa ta fashe, ina bin gidaje ina sallama, to ya kwantar da hankalinsa, ban zare ba. Na san an gan ni, domin mai gyaran babur na kwanar layinmu sai da ya ajiye sifana ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Malama, talla kika fara? Me ake sayarwa da bargo a wannan zafin?"

Na ce, "Ba talla ba ne, ɗana. Wutar lantarki nake nema gida-gida."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa gaskiya na faɗa masa, sai dai gaskiyar tana da tsawo, shi ya sa na kawo muku ita nan.

Maigidana tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutumin kirki, amma yana da lalura guda: duk abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe, ya yarda da shi. Tun da ya yi ritaya ya rasa inda zai sa kansa. Ya kwance rediyon da ba abin da ya same shi. Ya shigo kicin yana koya mini yanka albasa, ni da na aurar da 'ya'ya. Sai bana Allah ya dube ni, ya samo injin ƙyanƙyasar ƙwai, wani akwati mai ƙofar gilashi da ke cin ƙwai sittin. Tsoho ya dawo da rai. Da sassafe yana gaban akwatin da tabaransa, yana duba ma'aunin zafi, yana yi wa kowane ƙwai alama da fensir, har gaisawa yake da su. Ni kuma na samu kicin ɗina ya dawo hannuna. Kun ga ke nan kowa yana da abin da zai rasa.

Shi wannan akwati abu ɗaya yake so a duniya: ɗumi ba yankewa har sati uku. In sanyi ya kama ƙwan na wuni guda, sai ka tara baragurbi.

To, a kan tudun bayan gari akwai manyan fankokin nan farare da aka kafa mana, masu juya iska ta zama wuta. Bara Mai Girma Uban Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi, ya zo ya yanka zare. Aka kafa allo a bakin ƙofa, harafi kamar kan yaro: WUTAR GIDA DUBU HAMSIN, DARE DA RANA. Sannan aka karrama unguwarmu, aka cire mu daga tsohon layi aka ɗora mu kan layin iska zalla, wai mu ne abin misali. Ranar da maigida ya ji haka a rediyo, ya kira ƙaninsa ya ba shi janaretanmu kyauta.

Na ce, "Malam, janaretan ka bayar?"

Ya ce, "Me za mu yi da hayaƙi kuma? Ba ki ga allon ba?"

"Na gani. Allon ne zai riƙa hura iskar?"

"Ke dai, Malama, matsalarki lissafin nan da kika koyar. Ba a ba ki abu ki karɓa, sai kin raba shi."

Bai yi ƙarya ba, sai na raba. Ku ma ku matso mu raba tare, ba zan yi jarrabawa ba.

Lambar da ake rubutawa a jikin injin iska ita ce abin da zai bayar a lokacin da iska ta zo masa daidai yadda yake so, ba ta yi kasala ba, ba ta yi hauka ba. In ta ragu da rabi, kada ku ce wutar ma rabi za ta ragu, tana faɗowa ne wajen ɗaya bisa takwas. In ta kwanta, fukafukan su tsaya suna kallon gari. In kuma ta haukace, injin ya tsayar da kansa don kada ya karye. Saboda haka masu aikin suna da wani ma'auni: a tara wutar da injin ya bayar a shekara, a raba da wadda zai bayar da a ce iskar nan mai kyau ba ta taɓa hutawa ba. A tudu mai albarka abin yakan faɗo wajen ɗaya bisa uku, kuma wannan ba abin kunya ba ne, aiki ne mai kyau. Kamar telan layinmu ne. In ka tsaya a kansa zai ɗinka riga kafin shayinka ya huce, amma duk wanda ya ninka wannan da awoyin shekara ya ce ga rigunan da tela ke fitarwa, bai taɓa kai masa ɗinki ba.

Ni fa ba na cikin masu zagin fankokin. Maƙwabciyata Uwar Tagwaye ta rantse su ne suke kwashe mata shanya daga igiya, wai tun da aka kafa su iska ta yi yawa a gari. Mai shago kuma ya ce su ne suke shanye iskar, shi ya sa zafi ya ƙaru. Mutum biyu, layi ɗaya, laifi biyu masu karo da juna, kuma kowa da shaidunsa. Na gaya musu fanka ba ta yi wa kowa alkawari ba. Ba ta da baki. Mai rubuta allo ne ya ɗauki sa'arta mafi kyau ya ce haka take kullum, kamar a ɗauki hotona na ƙuruciya a manna a katin asibiti. Ko da ma lissafin gida dubu hamsin ɗin ya fita a matsakaicin shekara, ƙwai bai san matsakaici ba. Ba za ka ce masa ya yi haƙuri da sanyin yau, ɗumin jibi zai cike gurbin ba.

Na faɗi duk wannan, abin da na samu shi ne maigida ya yarda ya haɗa wa akwatin batirin mota, wanda zai riƙe shi na 'yan awoyi. Ya zuba ƙwai. Sai kuma iska ta tashi kunyata ni. Sati biyu cur tana kaɗawa, in ta ɗan lafa batir ya riƙe, ta dawo. Kullum da safe sai ya leƙo kicin.

"Malama, yau kashi nawa muke ciki? A raba mana."

Na ci gaba da girkina. Mace mai hankali ba ta gardama da mutumin da iska ke goyon bayansa.

Ranar Talata, ana saura 'yan kwanaki a ƙyanƙyashe, iska ta zo irin wadda injiniya ke mafarki. Ƙofofi na bugawa, shanyar Uwar Tagwaye ta tsallaka gida uku. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Na fita na hangi tudu: fankoki a tsaye cak, dukkansu, kamar an ce kada wanda ya motsa. Batir ya yi iya yinsa ya mutu. Safiyar Laraba ma'aunin zafi ya fara gangarowa. Na dafa ruwa na cika kwalabe na jera a cikin akwatin. Maigida yana zaune a gabansa a kan 'yar kujera, hannu a gwiwa, bai karya ba, bai kunna rediyo ba. Da ya yi mini gardama ma da na fi jin daɗi.

Na yafa mayafi na hau mota zuwa tudun.

Abin da na tarar, jama'a, sai wanda ya gani. Rumfuna, kujeru masu riga, jan kafet da aka danne da duwatsu don kada iska ta tafi da shi. A gefe ga wani ƙaton janareta yana ruri yana tuƙa hayaƙi, shi ke ba lasifika wuta, a ƙarƙashin fankokin gida dubu hamsin. Wani matashi mai kwat ya tare ni a ƙofa, katin wuyansa na ta marin fuskarsa. Shi ne mai magana da yawun wurin, ni dai Kakakin Iska na sa masa.

Na ce, "Ɗana, lalacewa suka yi?"

Ya ce, "Haba Mama! Lafiyarsu ƙalau. Birki muka taka musu."

"Birki? A wannan iskar?"

"Ai saboda ita ne. Mai Girma zai zo bikin cika shekara, kuma da jirgi mai saukar ungulu zai sauka. Sannan in suna juyawa hoto ba ya fita sosai, fukafukan sai su yi dishi-dishi. Ga ƙara, tana shiga jawabi."

"Jawabin me zai yi?"

"Zai sanar da cewa tashar tana aiki ɗari bisa ɗari."

Na dubi yaron nan da kyau ko zai yi murmushi. Ko gezau. An horar da shi.

Na ce, "To yaushe za a sake su?"

"Da zarar Mai Girma ya tashi."

"Yaushe zai iso?"

"Yana hanya tun jiya."

"Kwanakin nan da kuka tsayar da su, za su shiga lissafin shekara?"

Ya ce, "Mama, ba ma ƙirga ranakun biki."

Na ce masa ina da ƙwai sittin a gida suna mutuwa. Ya tausaya mini ƙwarai, har ya ce in na jira za a raba lemo.

Da na dawo, Uwar Tagwaye ce ta tare ni a ƙofa, ta ji labari. Ta ce, "Yaya, ke da boko ya yi wa yawa, kin manta wa ya fara wannan sana'ar? Ina da kaji biyu suna kwanci. Matar mai wanki ma tana da ɗaya. Amma kaza mai kwanci ba a ɗaga ta, ƙwan za ki kawo."

Abin da ya fito da ni titi da kwano da bargo ke nan. Maigida yana biye da ni, yana cewa in bi a hankali, kamar ni ce ban san darajar ƙwai ba. Muka bi gida-gida, muka tura wa kowace kaza abin da cikinta zai iya rufewa. Ta matar mai wanki ta sassari maigida a hannu har jini, ya ce ba komai, tana da gaskiya, ba a gabatar da su ba. Sauran ƙwan da ba su samu kaza ba muka bar su da kwalaben ruwan zafi da addu'a.

Mai Girma ya iso ranar Alhamis da yamma. Na ji jawabin a rediyon mai shago. Ya yaba wa iska bisa haɗin kan da take ba hukuma, ya ce unguwarmu ta manta da kalmar duhu, ya hau jirginsa ya tafi. Aka saki birki. Iska kuwa ta riga ta gaji da jira, ta yi tafiyarta. Fankoki suka kwana biyu suna lilo kamar masu jin barci.

Na cikin akwati ba wanda ya yi rai. Na ƙarƙashin kaji kuwa, shekaranjiya suka fara fasa ɓawo. Uwar Tagwaye ta so ta ce duk nata ne tunda kajinta ne suka sha wahala, sai dai namu farare ne tas, nata kuwa kowanne da irin rigarsa. Muka bar mata biyu na godiya, muka kwaso sauran a kwali. Da aka haɗa da na gidan mai wanki, tsaki ashirin suka iso gida. Tsohon nan ya durƙusa a gaban kwalin yana ba su ruwa a murfin kwalba, yana kiran su da lambobin da ya rubuta da fensir, alhali lambobin sun tafi da ɓawo. Ya ci abinci ranar har da ƙari.

Jiya da safe na fito na same shi a ƙofar gida da gwangwanin fenti da wani katako. Ya rubuta da manyan baƙaƙe: GONAR KAJI MAI ƘARFIN TSAKI SITTIN.

Na ce, "Malam, ashirin ne fa."

Ya ce, "Sittin akwatin yake ci. Haka aka rubuta a jikinsa."

"Amma ashirin suka iso gida."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Ashirin cikin sittin, nawa ke nan? Raba mana."

Na ce, "Ɗaya bisa uku."

"To ba ke kika ce ɗaya bisa uku aiki ne mai kyau ba?"

Ya juya ya ci gaba da fentinsa. Na tsaya da baki buɗe, ni da na yi rayuwata ina rufe bakin 'yan aji.

Saboda haka ina sanar da masu rabon muƙamai cewa akwai gogaggen mutum a gidana, ya iya allo, fentinsa ma nasa ne. Amma in lambar yabo ta rage bayan an gama ba juna, a kai wa kazar matar mai wanki. A duk garin nan ita kaɗai na sani da ta ba da ɗumi dare da rana, ba ta tashi sai shan ruwa, kuma da aka zo ɗaukar ta hoto ba ta daina aiki ba, mai hoton ta sara.