Yadda Za Ka Raba Babu Ga Babu Ka Tsira Da Aurenka

Bi matakan nan, na rantse da tafkin Malawi, surukinka ba zai ƙara kiranka rago ba. Mabvuto ɗan garin Senga ya gwada. Kamar kowa a nan, a garin su matarsa Tadala yake zaune, kuma kawunta Chimwaza ya yanke masa hukunci: yau ko ya kawo rabonsa na kifi, ko ya naɗe tabarmarsa.

1. Kada ka kama komai. Mabvuto ya kife kwale-kwale a kan yashi, ya shige ƙarƙashi ya yi barci. Kifi, babu.

2. Kori abokan aiki. Nan mutane ke yin asara. In ka raba babu ga mutum uku, kowa ya tashi da babu, asirinka ya tonu. Kai ma kada ka ƙirga kanka, mai barci ba masunci ba ne. Masunta, babu.

3. Zaɓi adadin da ya yi maka. Da yamma Kawu ya tare shi a ƙofa.

"To, angon barci, nawa kowa ya samu?"

"Daro arba'in, Kawu."

"Na ƙananan kifin usifa?"

"Har da manyan kifi."

4. Kafa hujja. Ana gwada rabo ne ta hanyar tattara shi a gani ko ya koma yadda yake. Mabvuto ya tsuguna yana zane a ƙasa. "Kawu, a karɓo daro arba'in daga kowane masunci. Masunci nawa? Babu. Me aka tara? Babu. Me muka kama? Babu. Ina ƙarya a nan?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Da ka ce dubu fa?"

"Ita ma daidai ce."

"Rabin kan kifi fa?"

"Daidai, Kawu."

Abin da ya sa malaman lissafi suka tsame hannunsu ke nan, wai tambayar da ta karɓi kowace amsa ba ta da amsa. Rabu da su. Ba su taɓa zama a garin surukai ba.

5. Kada ka yi bayanin a gaban matarka. Nan Mabvuto ya yi sake. Tadala ta dire masa kwano wayam.

"Maigida, tuwon nsima da ban tuƙa ba na raba wa masuntan da ba su fita ba. Rabonka bijimi guda. Ci a hankali, akwai ƙashi."

6. Karɓi abin da lissafi ya ba ka. Kawu ya fito da tabarma a naɗe.

"Ɗana, kwanakin da suka rage maka a gidan nan babu. Na raba su ga surukan kirki da nake da su, su ma babu. Ka samu shekara ɗari. Je ka gidan uwarka ka cinye su."

A kula: mai wannan rubutu ya bar makaranta tun kafin a gama darasin rabawa. Yunwa, kora ko kwana a ƙarƙashin kwale-kwale, duk ba ruwansa. Auren da hanyar nan ta ceto babu, waɗanda suka bi ta daidai babu. Raba da kanka ka ga yawan nasarar.