Manyan Tayoyina da Igiyar Baba Ishaya

Ni ne da laifi, gara in faɗa tun yanzu. Ranar kuwa ba ta mantuwa a wurina.

Da na sayi 'yar motata, sai na ga tayoyinta sun yi mini ƙanana. Na sa aka cire su aka saka manya. Na ce wa mutane saboda ramukan unguwar Kagarawal ne (gaskiya dai so nake a riƙa waiwayena).

Ranar kai ƙanwar matata ɗakin miji a Kumo, surukina Alhaji ya kafa sharaɗi: kada gudun motar kowa ya wuce tamanin. Ni aka ba amarya da gwaggonninta, ni ne a gaba. Mai bina a baya da tasa motar Baba Ishaya ne, tsohon direba daga unguwar Herwagana, aminin Alhaji tun suna samari.

Na kafa allurar agogon gudu a kan tamanin har muka isa, ina jin kaina mutumin kirki. Muna sauka Baba Ishaya ya ce, "Ɗana, gudun me kake yi da 'yar mutane? Sai da na kusa casa'in kafin ka daina ɓace mini."

Alhaji ya juyo ya dube ni. Maimakon in yi shiru, sai na hau rantsuwa. Na ce, "Baba, ko dai agogonku ya tsufa, ko idon." A gaban surukai na faɗi haka, da bakina.

Baba Ishaya ya nufi motata. Ya kwance igiya daga kayan amarya, ya zagaya tayata da ita, ya ƙulla alama. Ya sa na buɗe but ɗin bayan mota, ya zagaya tsohuwar tayar da motar ta zo da ita. Igiya ta yi saura fiye da taƙi.

Ya ce, "Agogonka juyin taya yake ƙirgawa, bai san ka canja mata takalmi ba. Babbar taya, juyi ɗaya ta fi cin ƙasa. Shi yana ce maka tamanin, kai kuwa ka wuce."

Wata gwaggo ta ce, "Shi ya sa ɗankwalina ya ƙi zama." Aka kwashe da dariya, ban da Alhaji.

Tun daga ranar nake auna taya kafin in auna dattijo. Amma a lokacin, hula na cire na durƙusa a gaban jama'a, na ce, "Baba, idonku lafiya lau, bakina ne ya fi motar gudu. Ku yafe mini."