Mikro a Cikin Ƙahon Hamadu

Ba zan taɓa mantawa da ƙahon nan ba. Shi na fara gani da na shiga ajin da 'yan fanfar, masu busa da ganguna na makarantarmu a Garwa, ke gwaji: ƙaton ƙahon tagulla mai baki kamar kwanon wanki, ya lotse a gefe, an ɗaure wani wajen da robar tayar keke. Bas suke ce masa. Mai busa shi Hamadu ne, ɗan mahauci, ɗan ajin ƙarshe, wanda ban taɓa iya haɗa ido da shi ba.

Ranar za a ɗauki kiɗansu a aika wa masu zaɓen makarantun da za su yi fareti. Mesiye Buba, malamin kiɗa, ya miƙo min mikro biyu (ya zaɓe ni don ba ni da surutu, ba don na iya komai ba). Ya ce, "Ɗauki ɗaya ki sa wa bas."

Na ɗauki siririn, don ya fi kyau. Ni kuwa a gidan biki kaɗai na san mikro, inda mawaƙa ke manna shi a leɓe kamar za su haɗiye. Sai na hau benci, na zura shi can cikin ƙahon, na sauko ina jin kaina gwana.

Da aka kunna abin da aka ɗauka, sai gurnani, da furzar yawu, da ƙwas-ƙwas ɗin maɓallai. Ganguna ma sun nutse.

Mai babbar ganga ya ce, "Hamadu, wake ka ci da safe?"

Wani ya ce, "A'a, san babansa ne ake kayarwa!"

Aji ya tuntsire. Mesiye bai yi dariya ba. Ya ce in haka bas yake, a cire shi daga faretin. Hamadu ya sunkuyar da kai.

Na ɗaga hannu, muryata kamar ta sauro: "Mesiye, mikron yana ciki."

"Cikin me?"

Ya bi igiyar mikron har cikin ƙahon, ya zaro shi sharkaf da gumin numfashi. Ashe wancan mai kaurin ne na bas, kuma nesa da bakin ake tsayar da shi, kamar tsawon hannu, a ɗan karkace. Ranar na gane mai babbar murya ba a kusantarsa sosai.

An sake ɗauka, ya fito ras, Hamadu ya tsira. Ana watsewa na je na tsaya a gabansa, ina kallon takalmansa.

"Yaya Hamadu, don Allah ka kifa ƙahon nan kafin Mesiye ya lura. Soson kan mikron bai fito ba."