Haladu a Gaban Kakar Barira

Kun san Haladu, ko da ba ku san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai wushirya da yake fitowa a maigadi, ko ɓarawon akuya, ko boka mai dariyar mugunta. In fim ya rasa wanda zai mutu da wuri, shi ake yi wa waya. A talabijin ya yi alƙali, ya yi mahaukacin kasuwa, a fassarar fina-finan Indiya kuwa shi ne muryar shugaban 'yan daba, shi ne ta tsohuwa, wani sa'in har kukan jariri shi ne. To wannan bawan Allah so ya yi wa mugun kamu a kan wata yarinya Barira. Kowa a gidansu ya amince, saura kakarta Inna Dudu, wadda in ta ce a'a ko uban yarinyar ba ya iya tari. Ni ya ja in raka shi gaisuwa, wai ina da fuskar mutanen kirki.

Muka shiga tsakar gida muka durƙusa. Tsohuwa ta gyara tabarau, ta ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi.

"Kai ɗan nan, ba kai ne ka shaƙe maigidanka da filo ba?"

"Wasa ne, Inna," in ji Haladu.

"Kuma da idona na ga an ɗauke ka a makara. Har addu'a na yi maka."

"Allah ya saka da alheri, Inna. Ita ma mutuwar wasa ce."

"Yo kukan da ka sha ranar da aka kama ka da akuya fa? Mutum ya zubar da hawaye haka a ce ƙarya ne? Ban yarda ba."

Wayyo, ashe an sosa masa inda yake ƙaiƙayi! Ina mintsininsa ina zungurinsa, ina! Gogan naku ya ce, "Inna, duba nan." Kafin in ƙifta ido hawaye sun wanke masa fuska sharkaf, har da majina. Ya tsayar da su cak, ya kece da dariyar boka, kajin gidan suka watse. Ya yi muryar alƙali ya yanke mini hukunci. Ya yi kukan jariri, wata mai goyo ta leƙo a firgice. Daga nan ya shaƙe murya irin ta Inna Dudu sak, ya ƙwala kira: "Ke Barira, don ƙaniyarki!" Sai ga Barira a guje da ludayi a hannu tana, "Na'am, Inna!" Matan gida suka zube ƙasa suna riƙe ciki. Ita kanta tsohuwar ta yi dariya har tabarau ya faɗo mata a cinya. Ni kam daɗi ya cika ni, na ce a raina an gama, sai sa rana.

Da Haladu ya ga fage ya yi kyau, sai ya nutsu, ya sunkuyar da kai. Muryarsa ta kama rawa. Tun muna yara na san shi, wallahi ban taɓa jin ta haka ba, har tausayinsa ya kama ni.

"Inna," ya ce, idonsa taf da ƙwalla, "ina son Barira tsakani da Allah. In kika ba ni ita, zan riƙe ta amana har ƙarshen raina."

Tsohuwa ta goge tabarau da gefen zane, ta mayar, ta jinjina kai.

"Kai, madalla! Wannan ma ka iya shi, ɗan nan. To tashi ka je ka turo mana shi Haladun, mu ji ta bakinsa."