Taurarin Da Kuka Kama A Ƙofar Durbi

Zuwa ga Mai Girma, Mai Idon Da Ba Ya Gyangyaɗi, Shugaban Ofishin Sa Ido Kan Rubuce-rubuce.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar iyali, da ban gajiyar tuɓe kaki a sa babbar riga. Allah ya sa rigar ta zauna daidai, amin.

Ni ne Almu, malamin firamare, mai rubuta labaran tafiya sararin samaniya. Shekara huɗu ke nan da jami'anka suka kwashe littafina, "Faɗuwar Taurari", wanda na yi shekara shida ina rubutawa da hannu. Kwafi ɗaya ne tak a duniya. Tunda an ce farar hula ta dawo, bari in gwada bakina in ji ko yana aiki.

Na ɗaya: taurarin nan na sama ne, ranka ya daɗe, ba na kafaɗar janar ba. Sau uku na yi wa jami'inka wannan bayani, ya rubuta cewa na amsa laifi sau uku.

Na biyu: babin da na sa wa suna "Ranar Juyi". Jirgi ne ya kai bayan duniyar wata ya juyo gida. To in bai juyo ba, ina za shi? Mai waina a Ƙofar Marusa kullum safiya juyi take yi a bainar jama'a, don mi ba ku kama ta ba?

Na uku: zanen da masananku suka ce taswirar bariki ce. Faifan matata Zainab ne! Ni ba na iya rubuta abin da ban gani ba, shi ya sa bayan sallar asuba nake rataye faifan da zare a azara a matsayin jirgin, in murza shi, in bi shi da biro. Shi ma kun tafi da shi a matsayin shaida. Har yau in Zainab ta tashi rufe tuwo sai ta harare ni.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mani rai. Sammani mai gyaran rediyo nake karanta wa kowane babi, ina yi yana tsayar da ni in na haɗa wayar jirgi ba daidai ba. Tun da ya kwana biyu a wurinku, in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Na gwada sake rubutun ni kaɗai, wallahi jirgin ya ƙi tashi. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ga dalilin gaggawar. A kan shekarar 2000 na kafa labarin, don lokacin da na fara tana can nesa. A ciki, kowane famfo a Katsina yana zubar da ruwa, mutanen Ƙofar Guga kuma suna zuwa duniyar wata cin kasuwa su dawo kafin la'asar. Yau saura wata biyar! In shekarar ta riske ni, me zan ce wa mutane, labarin gaba na rubuta ko ƙarya?

Don haka, cikin ladabi, ko dai ku maido mani da littafina in tura shekarar gaba, ko kuma, tunda gwamnati ta haddace shi, ta cika abin da ke ciki. In kun zaɓi na biyu, ina ba da shawarar ku fara da zuwa duniyar wata. Na san famfon zai ɗauki lokaci.

Naka mai biyayya, a durƙushe har sai an ce tashi,

Almu Siddiq
Ƙofar Durbi, Katsina
Yuli, 1999